AWON KAI DA AWON HANCI: YADDA AKA NAZARCE MU, DA AMANAR DA KE KAN MAI BINCIKE

Matanin laccar da aka gabatar ga 'yan'uwa a Mandera, Jihar Sakkwato

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci mutum ya kyautata surarsa, ya sanar da shi abin da bai sani ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa maza da mata, maudu'in da aka ɗora mana a wannan zama shi ne ilimin nazarin ɗan Adam da al'adunsa, wato fannin nan na boko da ke bin diddigin asalin mutum da rabe-raben al'ummomi, da kuma haƙƙin mutanen da ake zuwa har gida a yi nazarinsu. Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan manomin Mandera ko makiyayin ƙasar Shagari da wannan magana ta 'yan jami'a. To, ruwansa ne ƙwarai, domin kuwa mu ne waɗanda aka nazarta. An ƙidaya mu, an karkasa mu, an rubuta littattafai a kanmu da harshen da iyayenmu ba su ji, sa'annan wani abu daga cikin abin da aka rubuta ya biyo ta makaranta da jarida da rediyo ya dawo bakunanmu, har muna kallon juna da shi a yau. Abin da muke son mu tabbatar shi ne cewa sanin mutane amana ne, kuma duk ilimin da aka ɗebo daga jama'a ba tare da izininsu ba, ba tare da yi musu adalci ba, ƙarshensa ya zama makami a kansu.

ƘASAR DA MUKE ZAUNE A KANTA

Bari mu fara da gida. A Sifawa, cikin ƙasar Bodinga, Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (Allah ya yarda da shi) ya zauna yana karantarwa yana wallafa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa yana zaune a Bodinga. A 1812 Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, wanda a cikinsa ya fara da bayanin ƙasashen wannan yanki da al'ummominsu da malamansu kafin ya shiga labarin jihadi. Ke nan tun kafin wani Bature ya kafa tuta a nan, mutanen wannan ƙasa sun san kansu, sun san maƙwabtansu, kuma sun rubuta.

Turawan farko da suka iso sun zo ne a matsayin baƙi masu tambaya. Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi, suka tattauna, ya koma da taswira da bayanin ƙasa daga hannun masu ita. Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, a Gwandu ya sami Tarihus Sudan a 1853 ya kwafi abin da ya iya kwafa, kuma ta wannan hanya mutanen Turai suka fara sanin tarihin daular Sanwai yadda ya kamata. Waɗannan sun tambaya an ba su. Amma daga ranar 15 ga Maris 1903, da sojojin Lugga suka ci Sakkwato, sai tambaya ta sake kama. Mai tambayar yanzu Razdan ne ko Di'o, bayansa akwai bindiga, gabansa akwai littafin haraji da jangali. Yana so ya san yawanmu da asalinmu da wanda muke ji wa magana, domin ya san yadda zai mallake mu da sauƙi.

TSANIN DA AKA JERA MUTANE A KAI

Waɗannan jami'ai sun zo da wani tunani da suka taso da shi a ƙasarsu. A 1859 Charles Darwin ya fitar da littafinsa a kan asalin nau'o'in halittu, a 1871 kuma ya fitar da wani a kan asalin mutum. Ya kamata mu faɗi abin da ya ce daidai, domin Musulmi ba ya yi wa ko abokin husumarsa ƙage. Darwin bai ce biran da muke gani a daji su ne suka rikiɗe suka zama mutane ba. Abin da ya ce, wanda masana kimiyyar halittu suke kai har yau, shi ne halittu suna sauyawa sannu a hankali tsawon zamani, wanda siffarsa ta dace da muhallinsa ya fi rayuwa ya bar zuriya, kuma mutum da manyan birai sun haɗa tushe a can baya mai nisa. Za mu dawo kan matsayinmu game da wannan.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne yadda aka ɗauki wannan magana aka mayar da ita tsani, aka jera 'yan Adam a kai: Bature a ƙoli, baƙin mutum a ƙasa, sauran a tsakani. Shi kansa Darwin bai kuɓuta daga wannan kallo na zamaninsa ba. Ɗan'uwansa Francis Galton ya ƙirƙiro a 1883 sunan wani fanni wai na tace zuriya. Masana suka bazama da ma'auni suna auna faɗin kai da tsawon hanci da kaurin leɓe, suna tono kaburbura suna aika ƙoƙunan kai zuwa gidajen tarihi na Landan da Paris da Berlin. A shekarar 1906, wadda a cikinta sojojin Ingila suka rusa Satiru da ke kudu da birnin Sakkwato suka kashe mutane kimanin 2,000, a cikinta ne aka ajiye wani mutumin Kwango mai suna Ota Benga a ɗakin birai na gidan namun daji a birnin New York, jama'a suna tururuwa suna kallonsa. Tunani ɗaya ne ya halatta duka biyun, wato cewa akwai mutanen da ba su cika mutane ba. A 1912 wani hafsan Ingila da ya yi aiki a Arewa, Tremearne, ya wallafa littafi a kan mutanen kudancin Zazzau, ya sa masa sunan da ma'anarsa ita ce mafarautan kawuna masu wutsiya na Nijeriya. Wannan suna kaɗai ya isa shaida.

ƘARYAR 'YA'YAN HAMU

Sai dai Turawan sun gamu da matsala. Sun iske a Kano da Katsina da Sakkwato da Barno akwai birane da ganuwa da alƙalai da baitulmali da malamai masu wallafa, alhali tsaninsu ya ce baƙin mutum ba zai iya wannan ba. Maimakon su jefar da tsanin, sai suka ƙirƙiro wata dabara. Suka ce duk wani abin kirki da aka gani a Afirka, to wasu farare ne da suka shigo daga arewa ko gabas suka kawo shi, suka kira su 'ya'yan Hamu. Speke ya yaɗa wannan magana a 1863 game da sarakunan yankin manyan tafkuna na gabashin Afirka. Wani Bajamushe masanin harsuna, Meinhof, ya sanya Fulatanci cikin harsunan 'ya'yan Hamu a 1912. Seligman ya tattara ra'ayin a littafinsa na 1930 a kan jinsunan Afirka, wanda aka ci gaba da bugawa ana karantarwa har 1966, bayan mun sami mulkin kai.

A ƙasarmu, Fulani aka ɗora wa wannan rawani. Lugga ya rubuta cewa su jinsi ne da aka halitta don mulki, sun fi waɗanda suke mulka basira. Palmer ya ɗauki labarin Bayajida da sauran labaran asali ya riƙa neman tushen kowace sarauta a wajen Afirka. Meek ya tattara bayanan ƙidayar 1921 ya fitar da su a mujalladi biyu a 1925, kowace al'umma an ba ta gurbi da suna da hali. Ta haka jihadin Shehu, wanda ya tashi a kan gyaran addini da kawar da zalunci, ya koma a littattafansu wai yaƙin jinsi ne, fararen Fulani suka rinjayi baƙaƙen Haɓe.

Wanda ya san tarihi ya san wannan ba haka yake ba. Malam Abdussalami na Gimbana, wanda harin da aka kai wa jama'arsa yana cikin sanadin hijira, Ba'are ne. Malam Yakubu da aka ba tutar Bauchi Bageri ne. Talakawan Hausa da Abzinawa sun shiga jama'ar Shehu, kamar yadda aka sami Fulanin da suka ƙi ta. Ba mu ce ƙabilanci bai taɓa leƙo kai a cikin daular ba, domin ya leƙo, kuma saɓanin da ya auku tsakanin Bello da Abdussalami a 1817 yana nan a rubuce da hannun Bello kansa. Amma shi Shehu, a Bayanu Wujubil Hijra, ya lissafa fifita wata ƙabila a kan wata cikin abubuwan da ke saurin rusa mulki.

Tun kafin Shehu ma malamanmu sun yi magana a kan labarin Hamu. Ibnu Haldun ya ƙi yarda cewa baƙar fata la'ana ce ta Annabi Nuhu (A.S.), ya ce zafin ƙasa ne sanadinta. Ahmad Baba na Tumbuktu, a fatawarsa ta 1615, ya ce launi ba ya halatta bautar da kowa, ya ambaci Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi 'yantattu.

Wanda yake ganin wannan magana ce ta takarda kawai, ya dubi Ruwanda. Da wannan ƙarya ce Turawan Beljiyam suka ce Tutsi 'ya'yan Hamu ne baƙi, Hutu kuwa 'yan ƙasa, suka rubuta wa kowa ƙabilarsa a katin shaida a shekarun 1930. A 1994 aka yi amfani da waɗannan katuna a shingayen hanya, aka kashe mutane kimanin 800,000 cikin kwana 100.

ABIN DA BINCIKE YA GANO DAGA BAYA

Adalci ya wajabta mana mu faɗi cewa bincike na gaskiya ne ya rusa wannan gini. Wani Ba'amurke mai suna Joseph Greenberg ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya koyi Hausa, daga baya ya sake tsara dangantakar harsunan Afirka bisa kalmomi da nahawu, ba tare da duba hancin masu magana da su ba. Sakamakon da ya kammala a 1963 ya juya maganar 'yan Hamu a kanta. Fulatanci ɗan'uwan harshen Serer ne da Wolof na ƙasar Senegal, a cikin babban gidan da ya haɗa da Yarabanci da Ibo. Hausa kuwa, harshen waɗanda aka kira baƙaƙen Haɓe, ita ce ke gida ɗaya da Larabci da Ibrananci da harshen Abzinawa. Wannan bai ɗaga Bahaushe ba, bai sauke Bafulatani ba. Abin da ya nuna shi ne harshe daban, launi daban, daraja kuma daban.

Masu tonon ƙasusuwa su ma sun sha mamaki. A 1912 aka ce an sami kakan mutum a Piltdown ta Ingila, Turawa suka yi murna, har suka yi watsi da ƙoƙon kan da aka samu a Taung ta Afirka ta Kudu a 1924, domin ransu bai so asali ya zama Afirka ba. A 1953 masana da kansu suka tona cewa na Piltdown haɗi ne, kan mutum aka haɗa da muƙamuƙin biri. Tun daga nan muhimman abubuwa da yawa da aka tono sai suka nuna Afirka: ƙasusuwan da aka kira Lucy a Habasha a 1974, masu shekara kimanin miliyan 3.2, ƙoƙon kan da aka kira Tumai a hamadar arewacin Chadi a 2001, mai shekara kimanin miliyan 7, wanda wani ɗan Chadi mai suna Ahounta Djimdoumalbaye ya tsinta, ko da yake ba kasafai ake ambatonsa ba, da na Jabal Irhud ta Maroko, waɗanda aka bayyana a 2017 cewa sun kai shekara kimanin 300,000 kuma fuskarsu ta yi kusa da tamu.

Binciken ƙwayoyin gado ya ƙarasa aikin. A 1972 Lewontin ya nuna cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane yana cikin kowace al'umma ne ita kaɗai, abin da ya raba wannan jinsi da wancan kaɗan ne. Wani babban bincike na 2009 a kan al'ummomin Afirka 121 ya tabbatar da cewa babu nahiyar da mutanenta suka kai na Afirka yawan bambancin gado, kuma kusan kowace al'umma gauraye ce. Binciken 2019 a kan Fulanin Burkina Faso ya sami cewa mafi yawan gadonsu na Afirka ta Yamma ne, tare da wani kaso da ya biyo ta Afirka ta Arewa. Launin fata kuwa kariya ce daga zafin rana, ba ya auna hankali ko hali.

MATSAYINMU

To ina muka tsaya? Imaninmu cewa Annabi Adamu (A.S.) shi ne uban mutane, Allah ya halicce shi ya girmama shi, daga wahayi muka karɓe shi, kuma awon ƙashi ba shi da hurumin da zai yanke hukunci a kan ruhi ko a kan hikimar halitta. A ɗaya ɓangaren, ba ya halatta mu ƙaryata abin da aka tono aka gani aka auna don kawai Nasara ne ya tono, ko mu ce tunda an yi maguɗi a Piltdown to duk sauran ma maguɗi ne. Yadda za a fahimci waɗannan ƙasusuwa tare da nassi aiki ne na malaman da suka san ɓangarorin biyu, kuma malaman Musulmi na wannan zamani sun yi maganganu mabambanta a kai. Abin da ya kamata mu riƙe a nan shi ne cewa a kan mas'alar da ta shafe mu, wahayi ya riga kowa. Aya ta 13 a Suratul Hujurati ta sanar da mu cewa asalinmu ɗaya ne, an sanya mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna, kuma taƙawa ce ma'aunin daraja. Manzon Allah (S.A.W.) ya maimaita wannan a huɗubarsa ta bankwana game da Balarabe da wanda ba Balarabe ba, da fari da baƙi.

Kuma wannan ilimi yana da amfanin da ke cikin gidajenmu. A 1954 Allison ya nuna cewa mai ɗauke da rabin gadon cutar sikila ya fi samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa wannan gado ya yawaita a ƙasashen sauro irin tamu, inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da shi. Da wannan sani ne ake gwada jinin saurayi da budurwa kafin aure. Wanda ya rufe ƙofa ga bincike baki ɗaya, 'ya'yansa ya cuta.

IDAN AKA CI AMANA

Saboda haka ne cin amanar mai bincike yake da muni ninki biyu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce ya sami izininsu da baki kuma cutar ce ta kashe yaran. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Amma yardar jama'a ta riga ta karye. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane suka kafa hujja da shi, cutar kuwa ta sake bazuwa har Yaman da Indunisiya, yara suka nakasa, kuma sai a watan Agusta 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta daji.

Irin wannan ya faru a wasu wurare. Wata ƙaramar al'umma ta 'yan asalin Amurka, Havasupai, ta ba da jininta don a binciki ciwon sukari, sai aka yi amfani da shi wajen binciken taɓin hankali da auren zumunta da asalinsu, ba da saninsu ba. A 2010 jami'ar da abin ya shafa ta biya su dala 700,000 ta mayar musu da jininsu. A 2011 Jamus ta fara mayar wa Namibiya ƙoƙunan kan mutanenta da aka kwashe don awo. A 2017 mutanen San na Afirka ta Kudu, waɗanda masu bincike suka daɗe suna yi wa zarya, suka rubuta tasu doka: duk mai son nazarinsu sai ya nemi izini, ya girmama su, ya faɗi gaskiya, ya bayyana amfanin da za su samu.

Ba dukkan baƙi ne suka ci amana ba. Murray Last ya zauna gaban Wazirin Sakkwato Junaidu a farkon shekarun 1960 a matsayin ɗalibi, ya gina littafinsa na 1967 a kan rubuce-rubucen mutanen daular da kansu. Jean Boyd ta yi shekaru tana aiki a kan Nana Asma'u da taimakon gidan Waziri, kuma a 1978 ta wallafa littafi a kan shugabancin Shehu tare da Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan ƙasa tamu. Mary Smith ta rubuta tarihin Baba ta Karo daga bakinta a 1949 da 1950, ta bar tsohuwar ta yi magana da kanta. Sa'annan masana irin su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman da Mahdi Adamu suka warware tarihinmu daga igiyar ƙabilanci da aka ɗaure shi da ita. Bambancin waɗannan da na farko shi ne sun ɗauki mutanen da suke nazari a matsayin masu ilimi.

LAIFI TUDU NE

Ya 'yan'uwa, Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tsanin da Bature ya jera mu a kai, akwai irinsa a cikin al'ummarmu. Ku saurari yadda ake ambaton Maguzawa da Dakarkari da Kambari da Gwari a kasuwa da zaure, da yadda ake yi wa zuriyar bayi da wasu masu sana'a gori a wajen neman aure, da yadda ɗan birni ke kallon Bafulatanin daji, shi kuma yake kallon manomi. Mafi muni, tun da ta'addancin 'yan bindiga ya tsananta a Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, an koma ana yanke wa mutum hukunci da fuskarsa. Ɗan bindiga ya ƙone gari don na Hausawa ne, wanda ya ɗauki doka a hannunsa ya tare bawan Allah a hanyar kasuwa don kamarsa ta Fulani ce. Wannan shi ne awon hanci ya dawo da sabuwar riga. Azzalumi a kama shi da zaluncinsa ko ɗan wane ne, amma wanda bai ji ba bai gani ba, jininsa haramun ne. Manzon Allah (S.A.W.) ya siffanta kiran ƙabilanci da abu mai wari, ya ce a bar shi.

SHARUƊƊAN DA ZA MU RIƘE

Masu bincike za su ci gaba da zuwa, daga jami'o'i da ma'aikatun lafiya da ƙungiyoyin agaji, wasu da takardar tambayoyi, wasu da na'urar ɗaukar murya da hoto, wasu da kwalbar jini ko yawu. Mu karɓe su da mutunci irin na baƙo, mu kuma gindaya musu sharuɗɗa.

Na farko, izini. Shari'a ta hana shiga gidan mutum sai da sallama da yardarsa, to ina ga shiga jininsa da sirrinsa? Izinin hakimi ko mai gari ba ya ɗauke izinin mutum shi kansa, mace ko namiji, kuma yana da damar ya ƙi ko ya janye ba tare da an hana shi magani ko tallafi ba.

Na biyu, bayani da harshen da mutum yake ji: wa ya aiko, wa ya biya kuɗin, me za a yi da abin da aka ɗauka, ina za a kai shi, har yaushe za a ajiye. Tun 2007 Nijeriya tana da ƙa'idar ƙasa ta binciken lafiya, wadda ta wajabta amincewar kwamitin ladubban bincike. A nemi ganin takardar, a ba mai karatu ya karanta.

Na uku, abin da aka karɓa don wata manufa kada a karkatar da shi zuwa wata sai an dawo an sake tambaya.

Na huɗu, a rufa asiri, a girmama maƙabarta, kada a ɗauki hoton mara lafiya ko mayunwaci don neman kuɗi da shi, kuma littattafan kakanni da ke cikin gafakoki a ɗauki hotonsu a bar su a hannun masu su.

Na biyar, sakamako ya dawo gida da Hausa ko Fulatanci, a karanta wa jama'a, a ba su damar su ce nan an yi daidai, nan an yi kuskure.

Na shida ya hau kanmu ne. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ga Gidan Arewa a Kaduna. Mu tura 'ya'yanmu maza da mata su karanci tarihi da harsuna da ilimin halittu tare da ilimin addini. Matasanmu su zauna gaban tsofaffin Mandera da Bodinga da Shagari su rubuta abin da ke ƙirjinsu tun suna raye. In kuma ɗanmu ya tafi nazarin wata al'umma, Musulma ce ko ba Musulma ba, to waɗannan sharuɗɗa sun hau kansa kamar yadda suka hau kan Bature, domin Alƙur'ani ya hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci.

Muna roƙon Allah ya sanar da mu abin da zai amfane mu, ya amfanar da mu abin da ya sanar da mu, ya haɗa zukatanmu, ya kawo mana ƙarshen zubar da jini a ƙasarmu, ya jiƙan malamanmu da iyayenmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.